Ƙullin Ƙasar da Kuka Ƙi Karɓa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Dutsen Tunawa da Mazan Jiya,
Ƙungiyar 'Yan Garinmu Mazauna Kaduna,
Sabon Tasha.

Baba Shugaba, ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ina fata ƙafar nan da ke damunka ta yi sauƙi. Ya hidimar jama'a? Allah ya ƙara ƙarfi.

Ni ce Rifkatu, tsohuwar malamar firamare a Nasarawa, 'yar marigayi Ishaya matuƙin jirgin saman soja. Na ce marigayi, ko da yake kwamitinku har yau bai yarda ya mutu ba. Uwata ita ce Mama Saratu, wadda ta yi shekara da shekaru tana dafa muku shinkafa a kowane taron ƙarshen shekara, har sai da bayanta ya hana ta tsayuwa gaban murhu.

Kada ka ga kamar rashin kunya ce ta sa na rubuta maka a fili. Sau uku na rubuta a rufe, na miƙa wa sakatarenku Malam Yohanna hannu da hannu. Ta farko ya ce tana kan tebur. Ta biyu ya ce tana gaban dattawa. Ta uku ya ce in ƙara haƙuri. Haƙurin kuwa na ƙara har ya ƙare, shi ya sa wannan zan liƙa ta a allon sanarwa na zauren ƙungiya, kowa ya karanta. Saura mako uku ku buɗe dutsen da kuka sassaƙa sunayen 'yan garinmu da suka mutu a yaƙin basasa, babu sunan ubana a kai. Uwata kuma tana kwance, likita ya ce mu kai ta gida mu riƙa ba ta abin da ranta ke so. Ka san ma'anar wannan magana, ba sai na fassara maka ba.

Tun da malama ce ni, na saba maimaita darasi har ya shiga. Bari in jero muku shi ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, yadda ubana ya mutu.

Ban taɓa ganinsa ba. Ina ciki wata shida ya tafi. Abin da ya zo wa Mama daga wurin aikinsa takarda ce mai layi uku, an ce jirginsa bai dawo ba, kuma ba a san inda yake ba. Wannan takardar ita ce kuke ɗaga mini yau kuna cewa ai hukuma ma ba ta ce ya mutu ba. To, wanda ya buga takardar yana zaune ne a ofis a nan Kaduna. Akwai wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ubana har ranar da ya cika, yana nan da ransa, yana noman masara a Kakau. Sunansa Baba Terna, mutumin Binuwai ne, direban motar soja ne a lokacin, shi ma an kama shi.

Ga abin da ya faɗa, kuma tun ina yarinya har na yi furfura bai taɓa canza ko kalma ɗaya ba. An harbi jirgin ubana, ya lallaɓa ya sauke shi a wata gonar rogo, ƙafarsa ta hagu ta karye a wuri biyu. Abokan gaba suka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa suka kai shi wata makarantar firamare da suka mayar wurin tsare fursunoni. Nan ya tarar da Baba Terna da wasu. Ba a doke shi ba, ba a harbe shi ba, gaskiya ɗaya ce. Masu gadinsu ma yunwa ke cinsu, gari kofi ɗaya ake raba wa mutum huɗu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu da ke zuwa tana wanke masa ƙafar da ruwan gishiri, har gishirin ya ƙare. Ƙafar ta ruɓe, zazzaɓi ya kama shi. Ya yi kusan wata biyu a kwance a ƙarƙashin allon aji. Da safiyar wata Lahadi ya cika, kansa a cinyar Baba Terna. Wani mai gadi ya ara musu fartanya, suka haƙa rami a bayan makarantar, gindin wata bishiyar mangwaro, suka sa shi. Baba Terna ya yi masa addu'a da yarensa, domin a lokacin Hausarsa ba ta kai ta addu'a ba.

Ranka ya daɗe, in wannan ba mutuwa ba ce, ka faɗa mini sunanta.

Na biyu, maganar ƙasa.

Na san al'adarmu, ba a Kaduna aka yanke mini cibiya ba. In mutum ya mutu a nesa gawarsa ba ta zo gida ba, ɗan'uwansa na jini zai je ya ɗebo ƙasar kabarin da hannunsa, ya kawo wa dattawa. Su karɓa, su binne a bayan gida. Sannan dattawa uku su je su zauna a tabarma a gaban matarsa, su faɗa mata da bakinsu cewa mijinta ya mutu. Sai a ranar za ta yi kuka a fili, ta aske kai, ta yi zaman makoki, ta zama gwauruwa. In ba a yi haka ba, matar aure ce, mijinta yana kan tafiya.

Ubana ya san wannan. Da ya ga ba zai tashi ba, ya koya wa Baba Terna, ya roƙe shi in Allah ya fid da shi ya ɗebi ƙasar ya kai gida. Bawan Allahn nan ya ɗeba, ya ƙulle a yagin rigarsa, ya ɗaure a ƙugu. Ya ɓoye ta har aka sake su. Kafin ya je ya ga uwar da ta haife shi, garinmu ya fara zuwa, yana tambayar hanya daga tasha zuwa tasha, ƙasusuwa kawai a jikinsa.

Dattawan wancan lokaci suka ba shi ruwa, suka ba shi tuwo, suka ce sun gode, amma ƙasar da hannun baƙo ya ɗebo ba ta shiga gida. Suka ce a bari ƙura ta lafa, za a tura ɗan gida. Kakana ya tsufa, ƙanen ubana ɗaya ne kuma bai wuce shekara goma ba, babu kuma mai zuciyar tsallake kogi ya nufi can a shekarun nan. Kakana ya mutu, ƙanen ya girma shi ma ya mutu, ƙura ba ta gama lafawa ba. Mama ta karɓi ƙullin ta sa a gwangwanin madara, ta sa a ƙasan akwatinta. Yana nan har yanzu.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan uwata ba matar aure ba, ba gwauruwa ba. Maza biyu sun nemi aurenta tana da ƙuruciya, aka ce ba a auren matar wani. A zumuntar mata ta coci in an ce gwauraye su tashi a yi musu addu'a, sai ta sunkuyar da kai ta zauna. In an ce matan aure su gaishe da mazajensu, sai ta ce to. Da ƙosai da kunu ta rene ni a bakin masaƙa a Kakuri. Ban taɓa ganin hawayenta a kan ubana ba, domin ba a ba ta izini ba, ita kuma mace ce mai tsoron ƙeta maganar manya.

Na uku, tafiyar da kuka sa na yi.

Da kuka fara maganar dutse bara, na zo da murnata na kawo suna. Malam Yohanna ya buɗe littafi ya ce sharaɗin kwamiti biyu ne, ko takardar mutuwa ko ƙasar da dattawa suka karɓa. Na kawo gwangwanin. Kuka kalle shi daga nesa, babu wanda ya taɓa, kuka maimaita mini maganar kakanninku. Sai shi Malam Yohanna da bakinsa, a gaban mutum bakwai, ya ce ai yanzu hanya lafiya lau, me zai hana ni in je in ɗebo, tun da jinin Ishaya ce ni.

Na je. Bayan Ista na ɗauki Baba Terna, tsohon da ba ya gani sosai da ido ɗaya, muka yi wuni guda cur a mota, gwiwoyinsa suka kumbura. Na roƙi 'ya'yansa kafin su bar shi. Muka sami garin da aka tsare su. Makarantar tana nan, amma an rushe tsofaffin azuzuwa an yi bene, bayanta an zuba siminti an yi filin taron yara. Mangwaron kuwa an sare shi tun kafin a haifi shugaban makarantar.

Mutanen nan da muka taso muna kira abokan gaba, da suka ji abin da ya kawo mu, kujera suka ba mu. Aka kira wani tsoho da ke maƙwabtaka da makarantar, ya ce yana yaro a lokacin, ya tuna da sojan jirgi mai karyayyar ƙafa, ya tuna da bishiyar. Shi da Baba Terna suka kama hannun juna suna auna taku daga tsohuwar rijiya, suka tsaya a gefen katanga inda siminti ya ƙare. Shugaban makarantar da kansa ya kawo shebur. Na ce a'a, da hannu ake yi. Na durƙusa na tona da yatsuna. Matan garin suka tsaya a kaina suna waƙar coci da yarensu. Ban san kalmomin ba, amma na san muryar, muna yin ta a nan Sabon Tasha.

Na dawo na kawo muku. Me kuka ce? Kuka ce tun da bishiyar ba ta nan, ba a tabbatar nan ne ainihin kabarin ba, wataƙila an kauce da taku biyu ko uku. Wani dattijo daga baya ya ƙara da cewa ko ma an tabbatar, ai ni mace ce, jinina na gidan mijina ne.

Haba, Baba! Haba, dattawa! Ta farko daga kan kabarin aka ɗebo ta tun ƙasar tana ɗanya, kun ce hannun baƙo ne. Ta biyu hannun 'yarsa ne, kun ce wurin ne babu tabbas. To ku haɗa su mana! Wannan ta cike giɓin waccan. Yaron aji biyu ma zai yi wannan lissafin. In kuwa mace ba ta isa ba, me ya hana Malam Yohanna ya faɗa mini tun kafin in hau mota? Yana zaune ya ga na ɗauki tsoho na nufi kudu, har da cewa Allah ya kiyaye hanya. Ubana bai haifi namiji ba. Ni kaɗai ce. Ko so kuke in koma ciki in sake fitowa?

Na huɗu, al'adar da kuke zaɓa.

Ina girmama al'ada, amma ku bar ni in tambaya. A al'adarmu ana kwana da gawa? Yau wata guda muke ajiye mamaci a firjin asibiti muna jiran 'ya'ya su zo daga Legas da Abuja. A al'adarmu ana ɗinka anko a buga hoton mamaci a riga? A al'adarmu ana binne mutum ba a zuba giya a ƙasa ba? Duk kun bar waɗannan, kun ce haske ya zo, kuma na yarda da ku. Rabinku dattawan coci ne. Shi kansa dutsen nan, wane kakanmu ne ya taɓa sassaƙa suna a kan dutse? Kun zubar da kayan kaka duka a hanya, sai ƙulli ɗaya tak kuka riƙe, shi ne wanda ya danne uwata.

Na duba jerin sunayen. Akwai wanda ciwon ciki ya kashe a bariki nan Kaduna, ko ƙarar bindiga bai ji ba. Ba na ƙyashinsa, Allah ya ji ƙansa, kakin soja ya sa, ya cancanta. An sa shi don kabarinsa yana kusa, an ɗebo ƙasa da keke. Wato a wurinku laifin ubana shi ne ya mutu da nisa.

Sannan ga tayin da Malam Yohanna ya zo mini da shi har gida, yana murmushi kamar ya kawo mini tsaraba. Wai za a sa sunan a bayan dutsen, ƙarƙashin layin waɗanda ba su dawo ba. Na tambaye shi su wa ke layin. Mutum biyu ne. Ɗaya kowa ya san ya jefar da bindiga ya tsallaka iyaka, ɗaya kuma an gan shi yana sayar da taya a Legas bayan yaƙi da shekara goma, da mata da 'ya'ya. Bayan dutsen kuma yana kallon kwata ne da injin wuta. Na ce masa ya sha ruwansa ya gaishe da gida.

Na biyar, abin da ba ku faɗa a fili.

Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Na ji abin da aka faɗa a zaman da ba a gayyace ni ba, Sabon Tasha ba ta da faɗin da magana za ta ɓata. An ce dutse na waɗanda suka faɗi a fagen fama ne, ba na wanda aka kama da rai ba. An ce namiji ba ya bari a kama shi. Ba a ce kai ka faɗa ba, amma an ce kana kan kujera, ba ka tsawata ba.

Ina so wanda ya yi maganar ya zo ya faɗa a gabana. Mutum ya faɗo daga sama da ƙafa a karye biyu, a tsakiyar gonar mutane, me ake so ya yi? Ya tashi da gudu? Wanda harsashi ya ɗauke nan take ya sha wuyar minti ɗaya. Ubana ya sha ta wata biyu, yana jin warin ƙafarsa, yana sane da cewa matarsa na da ciki. Baba Terna ya ce sau da yawa manyan abokan gaba sun zo suna tambayar ubana inda jirage ke kwana da yawansu, suna yi masa alkawarin asibiti. Ubana ya ce shi tuƙi kawai ya iya, bai san komai ba. Da ya yi magana, mai yiwuwa da yau yana zaune a cikinku da sandarsa, ana kiransa Baba. Masu wannan magana kuwa, na san shekarunsu. Lokacin yaƙin wasunsu ko wando ba su fara sawa ba.

Abin ya ishe ni, Baba. Na gaji, kuma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Na gaji da hawa a-daidaita-sahu zuwa zauren nan ana ce mini sakatare ya fita. Na gaji da ganin Baba Terna yana ba ni haƙuri, wai da ya sani da ya nemo ɗan garinmu a cikin fursunoni ya ɗebi ƙasar. Mutumin da ya kamata mu yanka wa akuya mu yi masa godiya, shi ke neman gafara don an haife shi a Binuwai. Wallahi kunya ta kama ni a madadinku.

Ga roƙona.

Ina roƙo kwamiti ya zauna cikin makon nan, ba bayan biki ba. Mai sassaƙa ya gaya mini akwai wuri a gaban dutsen, ƙasan layi na biyu, kuma aikin wuni ɗaya ne.

Ina roƙo ku kira Baba Terna ku saurare shi da kunnenku, ku rubuta abin da ya faɗa a littafin ƙungiya. Kakau ba nisa, ni zan kawo shi in mayar. Ya haura tamanin, shi kaɗai ya rage a duniya da ya ga fuskar ubana a ranar ƙarshe.

Ina roƙo ku karɓi ƙasar, duka biyun. In kuna tsoron ku zama na farko da suka karɓa daga hannun baƙo da hannun mace, ku tuna kowace al'ada wasu dattawa ne suka zauna suka fara ta, kuma ba su fi ku kai ba.

In duk wannan ya yi muku nauyi, to ku riƙe dutsenku. Da gaske nake. Ni ce mai son suna a dutse, Mama ba ta iya karatu ba, ko an sassaƙa ba za ta gane shi ba, kuma ƙafarta ba za ta kai ta zauren ba. Shekaranjiya ina shafa mata mai a baya na ce mata ina nan ina fama da su a kan dutse. Ta ce in bar wahalar da kaina. Ta ce ita abin da ke damunta shi ne za ta je gaban Ubangiji ba ta yi wa mijinta kuka ba, in sun haɗu a can da wane ido za ta kalle shi. Na ce Mama ki yi kukanki, daga ni sai ke a ɗakin nan, wa zai hana ki? Ta ce ba a faɗa mata ba tukuna.

Ni na faɗa mata. Fasto ya faɗa mata. Baba Terna ya faɗa mata tun ina goye. Ba ta ƙaryata kowa ba, ta san ya mutu sarai. Amma ku kuka koya mata cewa sai daga bakinku, ita kuma ta yarda da ku fiye da yadda kuka yarda da kanku.

Allah ya ja kwananka, Baba Shugaba. Allah ya ba ka lafiya, ya albarkaci zuriyarka, ya sa ranar da taka ta zo a same ka a gida, cikin naka, kada matarka ta nemi izinin kowa kafin ta yi hawaye.

Gidanmu kun san shi, na uku bayan injin niƙa. Ba sai kun zo da littafi ba, ba sai kun zo da sakatare ba. Mutum uku kawai al'ada ta ce. Zan shimfiɗa tabarma, zan tashe ta zaune in jingina ta da filo. Ku zo da safe, lokacin ne hankalinta ya fi zama. Ku zo ku gaya wa uwata mijinta ya mutu, tun tana da sauran ƙarfin da za ta yi kuka.

Wassalam.

'Yarku,
Rifkatu Ishaya,
Sabon Tasha, Kaduna.